Yadda Hannu Ke Gane Abu Ba Tare Da Ido Ba

A Kantin Kwari, ɗan kasuwar da ya daɗe a harkar shadda ba ya yarda da ido shi kaɗai. In aka miƙo masa yadi, sai ya kama gefensa tsakanin babban yatsa da manuni, ya murza sau biyu ko uku, ya ɗan ja, ya dunƙule wani sashe a tafin hannu ya saki. Mai kayan bai gama yabo ba zai ji an ce masa, "Alhaji, wannan sitaci ne ya ɗaure ta, wanki ɗaya za ta kwanta." Tambayar da ta dame ni ita ce: a cikin waɗannan 'yan sakan, me ya tashi daga yatsunsa ya isa kansa? Domin a duk faɗin fatar ɗan Adam babu jijiyar da aikinta shi ne jin shadda, ko jin santsi, ko jin inganci. Abin da fata ke aikawa gutsattsari ne: nan an danna, nan an zame, nan ana karkarwa, nan da ɗan sanyi. Amma shi mutumin bai ji gutsattsari ba. Yadi guda ya ji, da kaurinsa da nauyinsa da laushinsa, a lokaci ɗaya. Tsakanin waɗannan biyu akwai aiki babba, kuma ƙwaƙwalwa ce ke yin sa.

A fatar tafin hannu da yatsu akwai jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000, kuma kowace tana ƙarewa a ɗaya daga cikin 'yan na'urori iri huɗu, waɗanda aka raɗa wa sunayen masanan Jamus da Italiya da suka bayyana su a ƙarni na 19. Na Merkel suna kusa da saman fata, muddin abu na danne da yatsa suna ta aika saƙo, kuma su ne gwanayen gefe da tsini da ƙananan tudu. Na Meissner ba sa magana sai a farkon taɓi da ƙarshensa, ko in abu ya fara sulɓewa daga hannu. Na Pacini suna can ƙasa, karkarwa kawai suke ji, musamman wadda ta kai sau 250 a sakan guda, kuma motsin da suke iya kamawa ya fi ƙarfin ganin ido nesa ba kusa ba. Na Ruffini kuma ana danganta su da miƙewar fata idan yatsa ya lanƙwasa. Zafi da sanyi da ciwo suna da nasu jijiyoyin daban. Ƙofar da ke mayar da dannawa ta zama saƙon lantarki a jijiya ma ba a gano ta ba sai kwanan nan: Ardem Patapoutian da abokan aikinsa ne suka bayyana irin waɗannan ƙofofi guda biyu, Piezo1 da Piezo2, a 2010, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2021 da David Julius, wanda ya gano ƙofar da zafin barkono ke buɗewa.

An ma taɓa jin gutsure guda shi kaɗai. A shekarun 1960, a Uppsala ta ƙasar Siwidin, Karl-Erik Hagbarth da Åke Vallbo sun ƙirƙiro dabarar soka siririyar allura cikin jijiyar hannun mutum yana farke, a saurari zare ɗaya tak daga cikin zaren da ke cikin jijiyar. Daga baya masu bincike suka riƙa tura 'yar wuta ta wannan allura su tambayi mutumin me ya ji. In zaren Merkel ne, sai ya ce ana danna masa wani ɗan wuri a yatsa. In na Meissner ne, sai ya ce wurin na ɗan firfita. Ba ya cewa ya ji makulli, ba ya cewa ya ji yadi. Kayan da ƙwaƙwalwa ke samu ke nan a hannu, kuma da su take gina duk abin da muka taɓa riƙewa.

Misali mafi kusa shi ne jiƙa. Mutum ba shi da jijiyar jin ruwa. Duk wanda ya taɓa kwashe shanya da asubar hunturu ya san wannan ko da bai san dalili ba: za ka damƙi riga ka rasa gane ko ba ta bushe ba ne ko sanyi ne kawai ya kama ta, har sai ka kai ta kumatu ko ka murza ta. Jin jiƙa haɗi ne na sanyi da dannawa da yadda abu ke manne wa fata ko yake zamewa a kanta. Tun a 1900 wani masani mai suna Bentley ya sa mutane suka tsoma yatsa cikin ruwa alhali yatsan na cikin siririyar roba, ɗigo ɗaya bai taɓa fatarsu ba, suka ce sun ji jiƙa, kuma abin ya fi ƙarfi in ruwan mai sanyi ne. Haka kuma saƙonnin ba sa isowa tare. Jijiyoyin taɓi na gudun da ya kai mita 50 zuwa 70 a sakan, na ɗumi da na ciwon da ke daɗewa ba su wuce mita 1 ko 2 ba. Shi ya sa mai tuntuɓe yake jin bugun tukuna, sannan zogin ya biyo. Duk da wannan rata, kofin shayi a hannu abu guda ne mai zafi da santsi da nauyi, ba a jin zafinsa a ware.

Hanyar da saƙon ke bi ba ta da wuyar faɗa. Daga fata ya shiga lakar baya, ya hau zuwa gindin ƙwaƙwalwa, a nan ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ya ratsa wata matattara da ake kira talamus, ya sauka a wani zirin ɓawon ƙwaƙwalwa da ya taso daga tsakar ka ya gangaro wajen kunne. Wannan tsallakawa ce ta sa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke jin hannun dama. A Montiriyal ta Kanada, likita Wilder Penfield, yayin tiyatar masu farfaɗiya da ake yi musu suna farke, ya riƙa taɓa wannan ziri da 'yar wutar lantarki, mara lafiya ya ce ya ji tsiki a leɓe, ko a babban yatsa, ko a ƙafa. A 1937 shi da Edwin Boldrey suka wallafa taswirar jiki da ke shimfiɗe a wurin. Taswira ce marar adalci a rabo: yatsu da leɓɓa da harshe sun kwashe fili mai yawa, gadon baya duk girmansa ɗan kaɗan ya samu. Ernst Weber ya riga ya auna wannan daga waje tun 1834. A kan yatsa mutum na bambance tsini biyu da ke da ratar milimita 2 ko 3, a baya kuwa sai ratar ta kai wajen santimita 4, in ba haka ba zai rantse tsini ɗaya ne. Ana iya gwadawa a gida da tsinken sakace biyu.

To amma taswira ba ta amsa tambayarmu. Ta nuna inda aka taɓa, ba ta faɗi abin da aka taɓa ba. Zirin nan kashi huɗu ne a jere, kuma aikin haɗi yana tafiya daga gaba zuwa baya. A sashen farko da ke karɓar saƙon fata, ƙwayar jijiya ɗaya na kula da ɗan wuri a yatsa guda. Vernon Mountcastle ya nuna a 1957 cewa ƙwayoyin da ke tsaye a kan juna a ɓawon, daga sama zuwa ƙasa, wuri ɗaya suke sauraro kuma irin saƙo ɗaya. In aka matsa baya, sai a tarar da ƙwayoyin da ba sa motsi sai gefen abu ya kwanta a wata fuska, ko sai abu ya wuce daga tsinin yatsa zuwa tafi. In aka ƙara matsawa, ƙwaya ɗaya na sauraron yatsu da yawa tare, tana kuma haɗa saƙon fata da na gaɓoɓi da tsoka, wato yadda yatsun suke a lanƙwashe. Wannan haɗi na ƙarshe shi ne sirrin siffa. Dannawa uku a yatsu uku ba su nufin komai sai an san inda yatsun suke. In sun buɗe sosai, kwano ne. In sun matse, goro ne.

Hujjar cewa haɗin nan aiki ne mai zaman kansa tana asibiti. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon ya taɓa musu bayan wannan ziri. Ka taɓa musu yatsa da auduga su ji, ka soka musu tsinke su ce wash, amma ka sa musu makulli a tafi ido a rufe, su yi ta juya shi, su ce abu ne mai sanyi, mai tauri, yana da haƙora, su kasa cewa makulli ne. Da sun buɗe ido sai su faɗa nan take. Gutsattsarin duk sun iso, mai haɗa su ne ya samu rauni. Saboda haka likitocin jijiya kan sa wa mara lafiya kwabo ko makulli a hannu, ko su rubuta masa lamba a tafi da yatsa su ce ya karanta.

Ni a ganina, babban abin da ake mantawa a wannan magana shi ne hannu ba ya zaune yana jiran saƙo. Shi ke fita nema, kuma motsin nan shi ne zaren da ke ɗaure gutsattsarin. A 1962 James Gibson ya ɗauki 'yan ƙarafan yanka biskit masu siffofi daban-daban. In ya danna su a tafin mutum hannun na kwance, mutanen kan gane siffar sau 49 cikin 100. In ya bar su suka shafa da yatsunsu, sai abin ya kai 95. A 1985 Roberta Klatzky da Susan Lederman da wata abokiyar aikinsu suka miƙa wa mutanen da aka ɗaure wa ido kayan yau da kullum guda 100, suka gane kusan duka, galibi cikin sakan ɗaya ko biyu. Bayan shekara biyu, Klatzky da Lederman suka nuna cewa motsin hannu ba kame-kame ba ne. Mai neman kaushi shafawa yake gefe da gefe, mai neman tauri dannawa yake, mai neman nauyi ɗagawa yake ya jijjiga, mai neman zafi ko sanyi ɗora hannu yake ya tsaya cik, mai neman siffa bin gefe yake da yatsa. Ba wanda ya koya mana wannan a aji. Ka duba mace tana zaɓen tumatir a 'Yankaba, ko mai awo a Dawanau ya cusa hannu cikin buhun gero ya damƙo ya saki ta tsakanin yatsu, ko maɗori yana bin ƙashi da babban yatsa. Kowannensu tambaya yake yi, kuma kowace tambaya da irin motsinta.

Dalilin da ya sa motsi ya zama dole yana cikin jijiyoyin kansu. Da yawansu canji kawai suke ji. Rigar da ke jikinka yanzu ba ka jin ta sai da na ambace ta. Santsin yadi mai kyau kuma ba a gane shi da dannawa, domin zarensa ya yi ƙanƙanta da yawa. Sai an ja yatsa a kansa, fata ta yi karkarwa, na'urorin Pacini da na Meissner su kama, ƙwaƙwalwa ta karanta salon karkarwar. David Katz ya faɗi haka tun 1925. Haka nan riƙo: Roland Johansson da Göran Westling sun nuna a 1984 cewa da abu ya fara sulɓewa, yatsu na ƙara matsewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan, tun kafin mutum ya san abin ya motsa. In aka kashe fatar yatsun da allura, ƙarfin hannu na nan, ido na gani, amma ƙyasta ashana sai ya zama aiki. Duk wanda sanyin Janairu ya taɓa daskarar masa da yatsu a kan babur, ya sauka ya yi ta fama da maɓallin riga, ya ɗanɗana kaɗan daga wannan.

Akwai wani abu da motsi ke bayarwa da ya fi wannan zurfi. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta umarci hannu ya motsa, tana ajiye kwafin umarnin, ta yi hasashen abin da fata za ta ji. Abin da ya zo daidai da hasashe sai ta rage masa murya, abin da ya saɓa shi take ɗauka labarin duniyar waje. Da haka take raba "ni na motsa" da "abu ya motsa", shi ya sa tebur ba ya gudu a ƙarƙashin yatsanka in kana shafa shi, ko da yake fatarka zamewa take ji. Shi ya sa kuma mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. A Landan, a ƙarshen shekarun 1990, Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith sun haɗa wata na'ura da mutum zai motsa da hannu ɗaya, ita kuma ta shafa masa tafin ɗaya hannun. In shafar ta zo nan take, ba ya jin cakulkuli sosai. In aka jinkirta ta da kashi ɗaya bisa biyar na sakan, sai cakulkulin ya ƙaru, alhali shi ne ke yi da kansa. Hasashe ya kuskure da ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwa ta ɗauka wani ne.

Ƙa'idojin wannan haɗi sun fi fitowa fili a inda suka yi kuskure. Wanda ya fi tsufa ana jingina shi ga Aristotal: harɗe ɗan tsakiya a kan manuni, rufe ido, ka murza ƙwayar gyaɗa ko tsinin hancinka a tsakaninsu. Mutane da yawa biyu suke ji. A rayuwar yau da kullum abu ɗaya ba ya taɓa waɗannan gefuna biyu na yatsun a lokaci guda, don haka ƙwaƙwalwa ta bi abin da ta saba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Frank Geldard da Carl Sherrick a 1972. Aka ƙwanƙwasa wa mutum wuyan hannu da sauri sau biyar, sannan tsakiyar dantse sau biyar, sannan kusa da gwiwar hannu. Wurare uku kacal aka taɓa, amma mutumin sai ya ji wani abu na tsalle-tsalle a jere yana hawa hannunsa, yana sauka a wuraren da ba a taɓa ba. Har suka kira abin zomo. A lura da abin da wannan ke nufi. Ƙwanƙwasa ta biyu da ta uku an ji su sun matsa gaba, alhali a lokacin da aka yi su ba a riga an taɓa wuri na biyu ba. Wato abin da ya zo daga baya ya gyara wurin abin da ya gabata. Ƙwaƙwalwa na ɗan dakatawa ta tattara abin da ya zo kusa da juna a lokaci, ta ce abu ɗaya ne ke tafiya, sannan ta ba ka labari. A 2006 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa taswirar nan ta Penfield na kunnuwa a daidai wurin da aka ji tsallen ƙarya, kamar an taɓa shi da gaske.

Masanan Jamus na farkon ƙarni na 20, irin su Max Wertheimer, sun tsara irin waɗannan ƙa'idoji ne don gani: abin da ke kusa da juna, ko ya yi kama, ko yake tafiya tare, ido na haɗa shi abu guda. Taɓi ma na bin yawancinsu, sai dai a wurinsa lokaci ya fi nauyi, domin ido na ɗaukar ɗaki gaba ɗaya a kallo guda, hannu kuwa sai ya bi tulu daga baki zuwa gindi yana riƙe da abin da ya wuce a ka. Gwajin da aka yi da birai a ɗakin binciken Michael Merzenich a Amurka ya nuna har taswirar kanta lokaci ne ke zana ta. A 1988 aka ɗinke yatsu biyu na biri suka zama suna taɓa komai tare. Bayan 'yan watanni iyakar da ke tsakaninsu a ƙwaƙwalwa ta goge. Cikin dalilan da suka sa muke jin yatsu biyar daban-daban, har da cewa kowannensu ya saba taɓa abu a lokacinsa.

Ido ma na sa baki. A 1998 Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka ɓoye hannun mutum a bayan allo, suka ajiye hannun roba a gabansa, suka riƙa shafa duka biyun da buroshi a lokaci ɗaya. Cikin 'yan mintuna mutane suka fara jin shafar a kan robar, in an ce su nuna inda hannunsu yake sai su karkata wajenta. In shafar ba ta zo tare ba, abin ba ya kamawa. A nan ƙwaƙwalwa na yin abin da alƙali ke yi da shaidu: ba ta ɗaukar maganar kowa daidai wa daida, tana duba wanda ya fi tabbas a kan wannan batu. Marc Ernst da Martin Banks sun auna haka a 2002. Suka sa mutane kimanta tsayin wani tudu da ido da kuma yatsu, suna dusashe hoton a hankali, kuma gwargwadon yadda gani ya raunana, gwargwadon yadda hukuncin ya koma hannun yatsu. A wurin gane siffa da rana ido ke rinjaye. A wurin tauri da nauyi da laushin yadi, hannu ne babban shaida, kuma ɗan Kwari bai yi kuskure ba da ya ƙi tsayawa ga sheƙi.

Sai sandar makaho. In ya buga ta a bakin kwata, abin da ya faru a jikinsa shi ne karkarwa a tafin hannu, amma ba a tafi yake jin kwatar ba, a can ƙarshen sanda yake jin ta. Wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Liyon ta Faransa ya nuna mutane na iya faɗin inda aka ƙwanƙwasa a jikin sandar da suke riƙe da ita kusan daidai, ido a rufe, ko ba su taɓa koyo ba, domin kowane wuri da irin karkarwar da yake aikawa. Mai tuƙa tuwo ma a bakin muciya take jin gudaji. Rubutun makafi da Louis Braille ya wallafa a 1829, wanda ake koyarwa a makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, ɗigo shida ne a kowane gida, ratarsu wajen milimita biyu da rabi, wato daf da iyakar abin da kan yatsa ke iya rabawa. Mai koyo ɗigo yake ƙirgawa. Gwani kalmomi yake ji suna wucewa, kuma in yatsansa ya tsaya karatun ya tsaya. A 1993 aka nuna filin yatsan karatu a ƙwaƙwalwar gwanaye ya fi faɗi, a 1996 kuma aka ga sashen gani na waɗanda suka makance tun suna ƙanana yana aiki in suna karatu da yatsa.

Mutanenmu kan ce Allah Ya musanya wa makaho ido da ji, kuma akwai gaskiya a ciki, amma musanyar ta hanyar aiki take zuwa. Wani bincike a Kanada a 2011 ya gano makafi sun fi masu gani kaifin ji a yatsu, musamman yatsan da suke karatu da shi, amma a leɓe ba su da bambanci da kowa. Inda aka yi amfani, nan ya yi kaifi. Wannan ya sa nake ganin muna raina ilimin da ke hannun masu sana'a. Maigidan da ya miƙa wa yaron shago yadi biyu ya ce, "Kai, taɓa ka ji," ba ƙyashin bayani yake ba. Abin da yake son koyarwa ba ya shiga ta kunne, sai yatsu sun maimaita har ƙwaƙwalwa ta san wane salon karkarwa ne ke tafiya da wane irin zare. Haka ungozoma, haka mai jima a Majema, haka makanike da ke kwance ƙarƙashin mota yana ɗaura noti a inda idonsa ba ya kaiwa. Yaron da ya tashi yatsunsa ba su san komai ba sai gilashin waya, abu ɗaya mai santsi ɗaya, an tauye masa wani fanni na sani, kuma ina ganin makarantunmu na ƙananan yara ya kamata su bar su da yumɓu da yashi da zare fiye da yadda suke yi.

Tunda ƙwaƙwalwa ce ke gina jin, tana iya ci gaba da ginawa ko fatar ta tafi. Akasarin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar tana nan, wasu da ƙaiƙayi, da yawa da ciwo mai tsanani. Silas Weir Mitchell ya rubuta wannan a 1871 a kan sojojin yaƙin basasar Amurka. A shekarun 1990 Vilayanur Ramachandran ya samu waɗanda in an shafa musu kumatu sai su ji a yatsun da babu, kuma fuska da hannu maƙwabta ne a taswirar Penfield. Masana na muhawara kan fassarar wannan, domin hotunan ƙwaƙwalwa na baya-bayan nan daga Ingila sun nuna taswirar hannun da aka yanke tana nan daram shekaru bayan yankan. Abin da ya shafe mu shi ne wanda ya dawo gida daga asibitin ƙashi bayan haɗarin mota yana cewa ƙafar da aka yanke na yi masa zogi, ba taɓin hankali ba ne, ba kuma aikin iska ba. Ciwo ne na gaske da likitoci suka sani, yana da magunguna da dabarun rage shi, har da ta madubi, kuma yana buƙatar a gaskata shi a mayar da shi asibiti.

Akasin haka ya fi yawa a cikinmu kuma ya fi ɓuya: gaɓa na nan, saƙonta ne ya yanke. Likita Paul Brand, da ya yi aiki da kutare a Belor ta Indiya tun ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa galibin lalacewar yatsu a kuturta ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Jijiya ce ke mutuwa, mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ya taka ƙaya ya yi ta tafiya a kanta, rauni ya hau kan rauni. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke gwada farin tabo a fata da auduga, kuma cutar na warkewa da maganin da ake bayarwa kyauta in an zo da wuri. Ciwon sukari na yin irin wannan ɓarna a ƙafa, a hankali, yana farawa daga yatsu. Haɗarin shi ne ƙwaƙwalwa ba ta ba da labarin giɓi. Ta saba cike wurin da babu saƙo da abin da take tsammani, don haka mai ciwon yana jin ƙafarsa lafiya lau, sai dai wani ya ce kamar a kan auduga yake tafiya, ko silifa ya cire bai sani ba. Gwajin asibiti mai sauƙi ne: wani siririn zaren roba da ke lanƙwasawa in nauyin dannawa ya kai giram 10, a taɓa shi a wurare daban-daban na tafin ƙafa ido a rufe. Mai ciwon sukari ya nemi a yi masa shi aƙalla sau ɗaya a shekara. In an tarar jin ya ragu, sai ido da hannu su karɓi aikin: ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, lokacin alwala ya dace da haka, ya zazzage takalmi ya shafa cikinsa kafin ya sa, ya gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, ya daina taka dandaɓe ko yashin rana ba takalmi, kuma ya nisanta ƙafarsa da kaskon wuta a lokacin sanyi.